Riƙon Tsohuwar Bindigar Farauta Mai Ɗana Kanta a Kaduna

Ranar da aka sauko da kayan mahaifinmu daga kan durowa bayan rasuwarsa, aka ci karo da doguwar jakar fata da ƙura ta lulluɓe. Kowa a gidan ya san abin da ke ciki, amma ba wanda ya taɓa zuge ta in ba shi ba. Bindigar farauta ce, Remington ƙirar 742 mai cin harsashi .243 (faɗinsa ke nan a ma'aunin inci), wadda ya saya tun muna yara. Na fito da ita, katakonta na sheƙi kamar jiya aka ƙera ta, na ja sakata, wato ƙarfen da ke tura harsashi ciki ya kulle shi, ta ce ba ta san zancen ba. Tun da ciwon ƙafa ya hana shi shiga daji take kwance, damina huɗu tana shan danshi a cikin fata. Ganin kitse na yi wa rogo. Daga ranar na fara koyon abin da zan rubuta a nan, kuma rabinsa da kuskure na koya.

A bakin mutanenmu, duk bindigar da ba adaka ba ce kuma ba mai baki biyu ba, sai a ce mai sarrafa kanta. To wadda nake magana a kai daban take da mai aman wuta irin ta soja. Ka ja kunama sau ɗaya, harsashi ɗaya ya fita. Abin da take yi da kanta shi ne ta tofar da kwanson da ya ƙone, ta ɗauko wani harsashin daga magazin, wato ɗan akwatin da ake zuba harsashi, ta ɗana, ta jira ka. Manyan cikinsu, irin su Remington 742 da aka ƙera a Amurka daga 1960 zuwa 1980, da Winchester 100 ta 1961 zuwa 1973, da Browning BAR ta farauta da masana'antar FN ta Beljiyam ta fitar a 1967, duk da hayaƙin albarushi suke aiki. Akwai ɗan rami a ƙasan bututu da ke satar kaɗan daga hayaƙin da ke bin bayan harsashi, hayaƙin ya tura ƙarfe baya, ƙarfen ya buɗe sakata, sifirin ya dawo da ita. Ƙananan masu cin .22, irin Ruger 10/22 ta 1964 da Browning SA-22 da aka fara ƙerawa tun 1914, ba su da ramin. Naushin kwanso kawai ke tura sakatarsu.

Duk wannan yana faruwa kafin ƙiftawar ido, kuma kwanson yana fitowa ne da zafinsa, bai gama sakin bangon ɗakin da yake zaune ba. Riƙe wannan a ranka, domin a nan ciwon irin waɗannan bindigogi yake.

Mataki na farko: takarda kafin tsumma

Dokar Makamai ta 1959, wadda har yau ake aiki da ita, ta kasa bindigogi gida uku. Kashi na farko haramtattu ne sai da lasisin Shugaban Ƙasa: mashinga, fistol, da raifil ɗin soja masu faɗin baki 7.62 da 9 na milimita, da .300 da .303 na inci. Kashi na biyu su ne na amfanin kai, wato bindigar katirij mai baki ɗaya ko biyu, da raifil ɗin farauta, da bindigar iska, kuma Sufeto Janar na 'yan sanda ke da ikon ba da lasisinsu. Na uku adaka da danginta da ake ɗurawa ta baki, su kuma suna hannun Kwamishinan 'yan sanda na jiha.

Akwai wurare biyu da mutane ke zamewa. Bindigar katirij mai ɗana kanta, ko wadda ake ja mata hannu kamar famfo, dokar ta cire ta daga kashi na biyu, don haka tana cikin haramtattu. Sannan raifil mai cin .308 ko .30-06, ko da sunan farauta aka ƙera ta, faɗin bakinta 7.62 ne, kuma mafi yawan 742 da ke duniya .30-06 suke ci. Kada ka yanke wa kanka hukunci a ɗaki. Karanta abin da aka buga a jikin bututu, ka gwada da abin da ke cikin lasisi, lamba da lamba, in akwai saɓani ka je hedikwatar 'yan sanda ta jiha da takardar, ka bar bindigar a kulle. Hukuncin riƙe haramtacciya ba izini ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba ne.

Ga magada kuma: lasisi ba ya shiga rabon gado. Dokar ta ba wanda kayan mamaci ke hannunsa kwana 14 kacal daga ranar rasuwa. Ana cikin karɓar gaisuwa, an yi sadakar uku an yi ta bakwai, kafin a kai ga arba'in wa'adin ya daɗe da wucewa. Abin yi shi ne babban gida ya kai rahoto, a ajiye bindigar a ma'ajiyar makamai ta 'yan sanda, a karɓo takardar shaida. Haka muka yi, tamu ta yi watanni a can kafin lasisina ya fito, lokacin ana bayarwa. Dokar ta hana a ba wanda bai kai shekara 17 ba, da mai taɓin hankali, da mai matsalar ido, da mashayi, da wanda kotu ta kama da laifin tashin hankali cikin shekara 5 da suka wuce. A 2023 kuma Sufeto Janar na lokacin, Kayode Egbetokun, ya faɗa a fili cewa an dakatar da ba da sabon lasisi saboda yawan makamai a hannun jama'a. Don haka wannan jagora ta mai lasisi ce a hannu, wanda yake sabunta shi kan lokaci. Wanda ya zo maka da tsohuwar bindiga a buhu yana cewa takarda za ta biyo baya, ka sallame shi tun daga zaure.

Abu na ƙarshe a nan: wanki da shafa mai naka ne, gyara ba naka ba ne. Dokar ta keɓe gyaran bindiga ga ma'ajiyar makamai ta gwamnati da wanda ke da izinin Sufeto Janar. Maƙeran Panteka za su iya ƙera maka kusan komai da ƙarfe, amma wannan ba layinsu ba ne, kuma kai musu ita jefa su cikin laifi ne tare da kai.

Mataki na biyu: tabbatar ba komai a ciki

Juya bakinta wajen bango mai kauri, yatsa nesa da kunama. Cire magazin tukuna, sannan ka ja sakata baya. In ka juya tsarin, ka ja sakata magazin na ciki, to da hannunka ka ɗana ta. Leƙa ɗakin harsashi da tocila, ka kuma sa ɗan yatsa ka taɓa, domin farcen da ke jawo kwanso in ya tsufa yakan bar harsashi a ciki ko ka ja sau goma. Kwashe duk harsashi ka kai wani ɗakin kafin ka fara aiki. Kada ka dogara da sefti, wato maɓallin hana harbi: na 742 kunama kawai yake tarewa.

In sakata ta ƙi buɗewa, kamar yadda tamu ta yi, ɗauke ta a matsayin ɗanannar bindiga har sai mai izinin gyara ya buɗe. Ba a dukan hannun sakata da guduma.

Mataki na uku: duba ta kamar mai sayen doki

Mutumin da ya buɗe tamu dattijo ne da ya ƙare aikinsa a ma'ajiyar makamai. Bai ko kalli katakon da nake taƙama da shi ba. Ya haska tocila cikin gidan sakata, ya daɗe yana leƙe, sannan ya ce, "Ɗana, kana da sa'a. Mahaifinka bai yawan harbi ba." Na ce, "Baba, ta ina ka gane?" Ya nuna mini layuka biyu da ke can sama a cikin gidan, waɗanda kan sakata ke gudu a kansu.

Wannan shi ne sanannen raunin 742 da yayarta 740. Kan sakatarsu yana da ƙananan haƙora da yawa, ƙarfensa kuma ya fi na gidan tauri. Duk harbi, idan sakata ta kai ƙarshen baya, kan yakan ɗan juya ya ciji layin. Shekara da shekaru sai wurin ya yi tsaga-tsaga kamar haƙorin zarto, ranar da tsagar ta yi zurfi sakata ta maƙale a baya. Maharban Amurka har laƙabin tsokana suka yi mata saboda wannan maƙalewa, duk da an sayar da fiye da miliyan ɗaya. Kamfanin ya sauya fasalin sakatar a ƙirar 7400 da ta gaje ta a 1981, kuma ya daɗe da daina yin kayan gyaran 742. In layukan suna da santsi, ko ɗan alama ce kawai, bindigar na da sauran rai. In farcenka yana maƙalewa a ciki, kwananta ya kusa.

Mai Winchester 100 kuma yana da tasa damuwar. A 1990 kamfanin ya yi shelar a dawo da su saboda allurar da ke dukan gindin harsashi tana iya karyewa ta maƙale a waje, bindiga ta tashi kafin sakata ta gama kullewa. Wadda ta zo ƙasar nan tun kafin shelar, da wuya a ce an sauya mata. Kada ka sa mata harsashi sai mai gyara ya tabbatar.

Daga nan sai ɗakin harsashi. Ya kamata ya yi sheƙi kamar cikin sabon cokali. Ja-ja ko ɗigo-ɗigon baƙi tsatsa ce. Sai bututu: sa farar takarda a gidan sakata, ka haska ta, ka leƙa ta baki bayan ka tabbatar sau biyu ba komai a ciki. Murɗaɗɗen zanen da ke ciki ya fito da kaifinsa tun daga farko har ƙarshe. Shafa bayan bututun da yatsu biyu, in ka ji kumburi a wani wuri, an taɓa harba ta da toshiya, kuma wannan bututun ya gama aiki.

Maganar toshiya, a nan garin muna da maƙiyin da littafin kamfani bai san shi ba: zanzaro. Ramin bakin bindiga daidai yake da abin da yake nema, cikin 'yan kwanaki zai cika shi da laka. Bindigar da aka rataye a bango ko aka jingine a lungu, a leƙa ta kafin kowace fita.

Ƙota kuma, duba wuyanta inda katako ya haɗu da ƙarfe. Tsaga siririya kamar gashi a nan takan buɗe da harbi. In wurin ya yi baƙi ya yi laushi, mai ne ya gangaro ya jiƙa shi.

Mataki na huɗu: kayan aiki

Ba su da yawa. Sandar wanke bututu mai rufin roba, ko igiyar ja mai nauyi a baki. Buroshin tagulla daidai faɗin harsashinka. Buroshin ɗakin harsashi mai lanƙwasasshen hannu, wanda Remington ke haɗowa da bindigar tun tana sabuwa kuma kusan kowa ya yar da nasa. Tsohon buroshin haƙori. Farin ƙyallen auduga da aka yayyanka. Sukudireba da ta cika bakin noti daidai. Ruwan wanke bindiga da man bindiga.

In ba ka samu na ainihi ba, kananzir yana narka datti, man keken ɗinki kuma yana riƙe wuri na ɗan lokaci. Fetur a'a: yana cin fenti, ga haɗarin wuta. Man gyaɗa da man ja suna daskarewa su zama danƙo. Baƙin mai na mota, wanda na ga wasu maharba na shafa wa adaka, datti ne da kansa. Man feshin nan WD-40 yana korar ruwa in ruwan sama ya doke ka a daji, amma in aka bar shi ya bushe a cikin kunama yakan bar kakin da ke riƙe ƙananan ƙarafa. Soson ƙarfe na wanke tukunya kuwa, ko kusa.

Mataki na biyar: wanki

Shimfiɗa farin zane a kan tebur don kada ƙaramin abu ya ɓace. A 742, kwance notin da ke gaban katakon hannu, ka zare katakon ta gaba. Za ka ga ƙarafa biyu dogaye, da sifirin a jikin sandarsa, da ɗan hancin da hayaƙi ke fitowa a ƙasan bututu. Sa sefti, ka tura fil biyu da ke riƙe gidan kunama, ka zaro shi gaba ɗaya. Iyakarka ke nan. Cire bututu yana buƙatar sifana ta musamman, warware gidan kunama kuma ba abin da zai ƙara maka sai ragowar sifirin a hannu. Yayin da gidan kunamar ke waje kada ka ja ta gudumar ta faɗa a banza. Wanke shi da buroshin haƙori da kananzir, ka bar shi ya tsane.

Bututu. Wahalar waɗannan bindigogi ita ce sanda ba ta shiga ta baya, sai ta baki. Gefen bakin kuwa shi ne wuri na ƙarshe da harsashi ke taɓawa kafin ya tafi, in sanda ta goge shi gefe ɗaya saiti ya lalace ke nan. Shi ya sa na fi son igiya: a zura nauyin ta ɗakin harsashi, a jawo ta baki a miƙe, ba tare da ta goga gefe ba. In sanda ce, sa mata ɗan mazurari na roba a baki. Jiƙa ƙyalle da ruwan wanki ka wuce da shi, ka jira minti 10, ka bi da buroshi kamar sau goma, kowane zuwa ya fita gaba ɗaya kafin ya dawo, sannan busassun ƙyallaye har su fito fari. Kore ko shuɗi a ƙyalle jan ƙarfe ne da harsashi ya bari. Ruwan da ke cire shi yana da warin amoniya, kuma ba a barin sa ya wuce minti 15 a ciki.

Yanzu ɗakin harsashi, inda nake so ka ɓata lokacinka. Mai wanki ta baki yakan tura duk dattin bututu ya tara a nan, ya ga bututu na sheƙi ya ce ya gama. Dattin ya sha danshin damina, ya zama tsatsa, tsatsar ta ci ƙananan ramuka. Ranar harbi, kwanson tagulla ya kumbura da zafi ya shige cikin ramukan, sakata ta fizgo da ƙarfin hayaƙi, farce ya yage gefen kwanson ya taho, kwanson ya zauna daram. A bindigar da ake ja da hannu, kwanso ya riga ya huce ya saki kafin ka taɓa sakata, shi ya sa take jure ƙazanta. Mai ɗana kanta ba ta da wannan haƙurin. Kuma duk fizgar da ta yi da kwanso mai taurin kai, wahala ce a kan farce da layukan nan da ba su da madadi.

Riƙe sakata a baya da ɗan guntun katako. Jiƙa buroshin ɗakin, ka shigar ta tagar da kwanso ke fita, ka murza shi kamar sau ashirin. Naɗa ƙyalle a kansa ka sake murzawa, ka sauya, ka sake, har ya fito tas. Haska tocila. In da sauran ja, maimaita gobe bayan ya kwana da ruwan wanki. Kada ka naɗa takardar yashi a sanda, kada ka sa injin huda bango: in ɗakin ya ƙara faɗi ko da kaurin gashi ne, kwanso zai iya fashewa kusa da fuskarka. Ramukan da buroshi bai iya musu ba, na mai gyara ne.

Hancin hayaƙi da ramin da yake shiga, a kankare baƙin da buroshin tagulla, a bar su a bushe. Mai a nan ƙonewa yake ya zama gawayi. Haka fistin na BAR da Winchester 100, wato ƙarfen da hayaƙi ke turawa, wanda shi ma tsatsa kan kama shi ya ƙi motsi. Ramin hayaƙin kansa kada a zura masa ƙusa. In ya faɗaɗa, sakata za ta riƙa dukan baya fiye da yadda aka tsara.

Magazin na 742 harsashi 4 yake ci, kuma yawancin ƙin ɗaukar harsashi daga gare shi ne. Goge cikinsa a bushe, ka duba leɓɓansa biyu ko sun lanƙwashe. Ba ya son faɗuwa a kan dutse, kuma samun wani a yau aiki ne.

Masu .22 aikinsu ya fi sauƙi amma ya fi yawa, domin harsashin yana da kakin shafe kuma albarushinsa na barin toka. Fuskar sakata da ƙarƙashin farce su ne wurin buroshin haƙori.

Mataki na shida: mai, gwargwadon lokacin shekara

Kaduna na da yanayi biyu da ke son abu biyu masu karo da juna. Daga Mayu zuwa Oktoba, musamman Agusta, danshi ne: ƙarfen da ka taɓa da hannu mai gumi yau, jibi za ka ga hoton yatsanka da tsatsa. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu kuma ƙurar hunturu ce, mai laushi kamar garin alkama, da ke shiga ko'ina. Ƙura in ta haɗu da mai ta zama abin wasa wuƙa, kuma lokacin ne ake fita farauta.

Don haka da damina, bindiga na ajiye, a shafe duk ƙarfen waje da ƙyalle mai ɗan mai, a wuce da mai cikin bututu da ɗakin harsashi, a duba duk mako biyu. Da rani, za a fita, a goge bututu da ɗakin su bushe ƙayau. Wannan ba zaɓi ba ne: kwanso yana buƙatar ya kama bango lokacin harbi, in akwai mai sai duk ƙarfin ya koma kan sakata. Inda ƙarfe ke gudu a kan ƙarfe, wato layukan gidan sakata, ƙarafa biyun nan da sandar sifirin, ɗigo ɗaya-ɗaya a shafe da yatsa har ya zama sheƙi kawai. In kana ganin mai yana kwance, ya yi yawa. Ni kaina shekarar farko na yi mata wanka da mai don ƙauna, ta maƙale a harbi na biyu.

Tsatsar waje mara zurfi tana fita da mai da ƙyalle mai kauri, ko gefen tsohon kwanson tagulla. Katakon 742 yana da fenti mai sheƙi da mai ba ya ratsa shi, goge shi kawai ya isa. Hunturu yana busar da katako ya sa notuna su saki, a bi su a ɗaure, ba da ƙarfin tsiya ba.

Mataki na bakwai: harsashi da gwaji

Harsashi sai irin wanda aka buga a jikin bututu, na kamfani, daga dillali mai rajista, gwargwadon abin da lasisi ya yarda. Harsashin da ya yi kore, ko ya loɓa, ko kansa ya shige ciki, a ware. Tsohuwar bindiga irin wannan ba ta son harsashi mai ƙarfin gaske. Matsakaici ya fi mata. Kada ka riƙa sa harsashi guda kana cirewa kullum, dukan sakata yana tura kansa ciki a hankali.

Wurin gwaji ya zama da tudun ƙasa mai laushi a bayan abin harbi, ba dutse ba, ba ruwa ba. Harsashin .243 yana barin baki da gudun kusan mita 900 a daƙiƙa, yana iya wuce kilomita 3, ɗan .22 da ake rainawa ma yana wuce kilomita ɗaya da rabi. A halin da ake ciki, ƙarar bindiga a bayan gari tana iya tayar da ƙauye guda, don haka sanar da ofishin 'yan sanda na yankin da mai unguwa tukuna. Toshe kunne, sa tabarau.

Fara da harsashi ɗaya tak a magazin. Ja sakata har ƙarshe ka sake ta ta tafi da ƙarfinta; in ka raka ta a hankali ba za ta kulle sosai ba. Harba, ka ɗauki kwanson ka karanta shi. Jiki mai santsi, lafiya. Ƙuraje ko karce, ɗakin na da tsatsa. Gefe ya lanƙwashe ko ya yage, kwanso na maƙalewa. Zobe mai haske kusa da gindi, ko gindin ya huje, tsaya nan, sai mai gyara ya auna ta. In komai daidai, sa biyu. In ja ɗaya ya fitar da biyu, cire magazin, kada ka sake harba ta.

Ka ja kunama ba ta tashi ba? Bar bakinta a kan tudu ka ƙirga daƙiƙa 60 kafin ka buɗe. Ƙarar ta fito a raunane? Kada ka bi da wani, wataƙila kan harsashi na cikin bututu.

Saiti a fara a mita 25, sannan 100. Harbi uku-uku, a bar bututu ya huce, domin siriri ne kuma da ya yi zafi harsashi ke fara yawo. In uku suka taru cikin faɗin tafin hannu a mita 100, 742 ta yi abin da aka ƙera ta dominsa. Ita ta harbi ɗaya ce ko biyu a kan nama. Yawan harbin kwalba don nishaɗi cin layukan nan yake, kuma ina da ɗan littafi da nake rubuta duk harsashin da ta ci.

Mataki na takwas: ajiya da fita

Jakar fata ko akwati mai soso na tafiya ne, ba na ajiya ba. Su suka kusa kashe tamu. Akwatin ƙarfe mai kwaɗo, a ɗaure da bango, a ɗaga daga ƙasa saboda danshi da gara. Jefa ƙananan ƙunshin tsotse danshi da ake samu a kwalin takalmi, ka riƙa shanya su. Jingine ta baki ƙasa a kan tsumma, mai ba zai gangara cikin ƙota ba, zanzaro ma bai samu ƙofa ba. Harsashi da magazin a wani wurin daban mai nasa makulli, makullan kuma a jikinka, ba ƙarƙashin filo ba. Yaran gida sun fi ka sanin inda kake ɓoye abu. In ta ɓace ko aka sace, dokar ta ba ka kwana 14 ka sanar da hukumar da ta ba ka lasisi. Ni dai a ranar zan je.

A mota, ba harsashi a ciki, tana cikin jaka a but, lasisi na asali a aljihu. A shingen jami'an tsaro ka faɗa da bakinka kafin a buɗe but, hannuwanka a inda ake ganinsu.

Inda iyayenmu suka yi farauta, yawancinsa yau ba ya shiguwa. Dajin Kamuku da ke Birnin Gwari gandun ƙasa ne tun 1999, farauta a cikinsa laifi ne ko da zaman lafiya, balle yanzu da mai doguwar bindiga a waɗannan dazuzzuka ba wanda zai tsaya tambayarsa ko maharbi ne. Lasisin bindiga kuma daban yake da izinin farauta, akwai namun da doka ta hana taɓawa sam. Kafin ka sa ƙafa a kowane daji, ka gaida Sarkin Baka na yankin, shi ya san inda ake shiga da inda ba a shiga a wannan makon.

Ranar da layukan suka gama cinyewa, ko bututu ya kumbura, kada ka yarda a yi mata walda, kada kuma ka ba wani ita kyauta don ta daina aiki; a idon doka bindiga ce har yanzu. Ko dai ka ci gaba da sabunta lasisinta tana kulle a matsayin abin tunawa, ko ka miƙa ta ga 'yan sanda, ka karɓi takarda mai ɗauke da lambarta da kwanan wata da sa hannu, ka ajiye tare da takardun gida.